Shaihu Umar bai canja ba, mu ne muka girma

A shekarar 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, ƙarƙashin Rupert East. Daga ita ne muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Shekara casa'in ke nan da ɗoriya, amma har yau malaman Hausa a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna sa ku karanta su, ku kuwa kuna ta ƙorafin tsohon yayi ne.

Mu ma da muke sa'o'inku, abin da ya dame mu a Ruwan Bagaja shi ne wa zai yi wa wani wayo, Alhaji Imam ko Malam Zurƙe. Mu yi ta dariya, mu haddace sunaye saboda jarrabawa, shi ke nan. A Magana Jari Ce kuwa, aku ne gwaninmu don ya iya zuba labari. Sai da gemu ya fito muka lura cewa labaran nan dabara ce: akun yana jan hankalin Musa ne don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, alhali sarki yana wajen yaƙi. Ashe littafin mulki ne da cin amana, aka lulluɓe shi da hira.

Amma wanda ya fi sauya mana fuska shi ne Shaihu Umar. Yaro yana bin Umar ne: an sace shi, kura ta cinye ɓarawon, ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, ya ƙetare hamada, ya zama babban malami. Tafiya mai daɗi, ƙarshe mai kyau. Babba kuwa idonsa yana kan uwar. Ta je Fatika ganin iyayenta, ta dawo ba ɗa. Ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita har Murzuk, kuma ba ta daɗe da sake ganinsa ba ta cika. Da ƙuruciya shafukan nan mukan wuce su da sauri, don babu faɗa a ciki.

Yanzu ba mu iya wuce su. Bayan daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kowa a yankin nan ya ga iyaye mata tsaye a bakin ƙofar makaranta suna jiran labari. Tafawa Ɓalewa ya rubuta irin wannan jiran tun yana malamin makaranta a Bauchi, kafin ya zama Firayim Minista.

A nan ne muke ganin kun sha bamban da mu. Da yawanku kun san ƙauyen da aka tasa, ko ɗan ajin da ya daina zuwa. Wataƙila ku uwar Umar za ku fara gani tun a karatun farko, abin da mu sai da muka haihu. Idan malam ya tambaya waye jarumin littafin, kuna da damar ku ce ita ce, ku kawo hujjarku daga shafukan.

Kuma idan an gama jarrabawa, kada a ba mai ƙosai littafin. Ku rubuta sunanku da ajinku da shekara a bangon ciki, ku ba Inna ta sa muku a ƙasan akwati.