Tsoffin Gine-ginen Makarantu: Shin Doka Ta Yarda A Miƙa Wa Jama'ar Gari?

Duk wanda ya bi ƙauyukan Batsari da Safana a 'yan shekarun nan ba zai rasa cin karo da ginin makarantar firamare da iska ta yaye wa kwano ba, ƙofofi a ɓalle, awaki na kwana inda yara ke zama a da. Da yawa daga waɗannan ajujuwa tun zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 aka gina su. Rashin gyara ya fara cin su, sannan ɓarayin daji na Rugu suka kori malamai da iyalai, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020.

A wani ƙauye da na sauka, ƙungiyar ci gaban gari ta tara kuɗi don ta rufa aji biyu, ta buɗe ajin yaƙi da jahilci da koyon ɗinki. Sai wani dattijo ya yi tambaya, ya ce, "To, in mun gyara, na wa ne?" Babu wanda ya iya ba shi amsa, kuɗin kuwa na nan a ajiye, damina na ƙara cin bango.

Amsar tana cikin dokoki guda uku, kuma ya kamata mai karatu ya san su.

Ta farko ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Wannan doka ta damƙa dukan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin zama na gargajiya. Ma'ana, ko da kakanninmu ne suka ba da gonar da aka gina makarantar, ba a mayar da ita hannun kowa da fatar baki. Mai takardar mallaka ma ba ya sayarwa ko bayarwa sai da yardar hukuma. Bugu da ƙari, makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, bisa dokar 2004. Don haka hedimasta ba shi da ikon bayarwa, haka ma dagaci.

Ta biyu ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya riƙe fili da sunanta, sai da sunan wani mutum, kuma ran da mutumin ya rasu, magada na iya cewa gado ne. Amma idan ƙungiya ta zaɓi amintattu, ta rubuta tsarin mulkinta, ta buga sanarwa a jaridu, aka jira kwana 28 babu mai ƙorafi, Hukumar Rajistar Kamfanoni za ta ba ta satifiket. Daga nan tana iya mallakar gini, ta kai ƙara, a kai ta ƙara. Wani abin lura shi ne, in ƙungiyar ta rushe, ba a raba dukiyarta tsakanin 'ya'yanta, sai dai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Wannan sharaɗi shi ke hana makaranta ta zama rumbun hatsin shugaban ƙungiya.

Ta uku ita ce Dokar Soja ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ginin da aka ayyana shi abin tarihi na ƙasa, ba a rushe shi ko a sāke masa kama sai da izinin hukumar. Misali na kusa shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa, amma ginin ƙasar nan yana tsaye a birnin Katsina domin an mai da shi gidan tarihi. Abin da ya cece shi, an san mai shi, an kuma ba shi aikin yi. Ajujuwan ƙauye ba su da irin wannan gata.

Idan mai karatu bai manta ba, makarantu sun sha sauya hannu a ƙasar nan. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Katsina ke cikinta, ta karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi. A nan ne St. Paul's ta Zariya ta zama Kwalejin Kufena, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi. Shekaru da dama bayan haka wasu jihohi suka juya akala. Legas ta mayar da wasu makarantun sakandare ga masu su a 2001. A 2011 Gwamna Peter Obi na Anambra ya mayar da firamare 1,040 ga ikilisiyoyi, gwamnati kuma ta ci gaba da biyan albashin malamai tare da ba da tallafin gyara. Darasin a fili yake: miƙa kango ba tare da tallafi ba, ɗora wa talaka kaya ne ba gammo.

Akwai masu jin tsoron wannan al'amari, kuma tsoronsu yana da dalili. Gini na jama'a yana iya faɗawa hannun 'yan tsiraru, su sa kuɗin makaranta da talaka ba zai iya biya ba, ko su ware 'ya'yan wani addini ko na wata ƙabila. A yankin da Bahaushe da Bafillace suke ƙoƙarin ɗinke ɓaraka, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Shi ya sa ba lalle sai an ba da gini kacokan ba. Ana iya ba da aro na wasu shekaru a rubuce, da sharaɗin ginin na ilimi ne kawai, ƙofarsa a buɗe ga kowane yaro, kuma in hukuma ta dawo da malamai, yara su ne kan gaba.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, kafin a sayi kwano ko ƙusa ɗaya, a fara da kwamitin kula da makaranta na gari, a sanar da dagaci da hakimi, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a riƙe kofin kowace takarda. A nemi tsofaffin da suka san iyakar filin su nuna ta tun suna da rai.

Daga ƙarshe ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina da ta duba yiwuwar yin doka bayyananniya a kan gine-ginen makarantun da aka bari, wadda za ta faɗi wa ke iya nema, a wane ofis, da kuma sharuɗɗan. Dattijon nan ya cancanci a ba shi amsa kafin wata daminar ta kwantar da bangon.