Ɗan Kunnen Rediyo da Shanun Birnin Gwari

Tun zamanin da, mai shanu ba ya rasa shaidar da zai gane dabbarsa da ita. Wani ya tsaga kunne, wani ya yi lalas da ƙarfe. Amma lalas yana ɓata ƙirgi, har majema su rage masa kuɗi. Yanzu kuwa an sami wata shaida, watau ɗan kunnen rediyo.

Wannan ɗan kunne ba shi da batir. In an kusanto da na'urar karatu, sai ya sami ƙarfi daga gare ta, ya aika mata da lamba mai alƙaluma 15, wadda ba dabbar da ke tarayya da wata a cikinta. Nisan karatun ba ya wuce kamar taki guda.

Dalilin kawo wannan magana shi ne dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999. Ɓarayin shanu sun mai da shi maɓoya, har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa kai aka tura soja. Sai a 2024 aka sake buɗe karar Birnin Gwari, bayan ta shekara da shekaru a rufe. Ɗan kunne ba ya iya nuna inda saniya take a tsakiyar daji. Amfaninsa yana bakin kara da mayanka, inda za a karanta lamba a san mai dabba, ɓarawo ya rasa wurin sayarwa.

Har wa yau yana da amfani ga tattalin arzikin da ba a yar da kome a cikinsa. Saniya kuwa ba abin yarwa a jikinta: ƙirgi, da ƙashi, da ƙaho, da kashi, duk dukiya ne, lamba kuma ita ke nuna asalin abin da aka sarrafa. A Botswana, daga 2001, an riƙa ɗura wa shanu wani dunƙulen tangaran mai lamba, ya zauna a tumbi. In an yanka sai a ciro shi a sa wa wata, kafin daga baya su koma ga ɗan kunne.

Amma fa akwai abin lura guda uku. Na fari, rajistar shanu rajistar dukiyar mutum ce. Fulani ba su manta da jangali ba, sa'ad da ƙidaya ke jawo haraji. A wurin da ake satar mutane don fansa kuwa, in rajista ta faɗa hannun mai kai wa ɓarayi rahoto, ta nuna musu gidan da za su fasa. Na biyu, talakan da bai iya biyan kuɗin ɗan kunne ba, kada a ɗauki saniyarsa ta sata ce. Na uku, in an sake amfani da lamba ba a goge sunan mai ita na fari ba, sai laifin wani ya hau kan wani.

Saboda haka wajibi ne a fara tsai da doka: wa zai riƙe rajista, wa zai iya dubawa, kuma ina makiyayi zai kai ƙara in an rubuta masa kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman da ke horar da masu koyarwa su ne za su fara bayyana wa jama'a wannan, da Hausa da Fulatanci.