Yadda Ake Ƙidaya Kwanakin Mujalla

Sau da yawa ɗalibai sukan tare ni a bakin aji, su ce, "Malam, don me aka ƙi karɓar labarina, alhali kuwa da sauran wata guda kafin mujalla ta fito?" To, ga amsa, kowa ya ji.

Mai shirya mujalla ba daga yau yake fara lissafi ba. Daga ranar fitowa yake farawa, ya riƙa ƙidayowa da baya. A ce muna so ta shiga hannun jama'a mako biyu kafin jarrabawa, domin in an shiga jarrabawa ba mai waiwayar mujalla. Maɗaba'a tana son kwana goma. Kafin wannan sai an yi mako guda ana duba kurakurai, musamman ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda injin kan mayar da su yadda ya ga dama, ƙafa ta koma kafa. Kafin wannan kuma akwai gyaran Edita da jera shafuka, mako biyu. In kun haɗa, wata guda ke nan har da 'yan kwanaki. Ashe wanda ya kawo labarinsa saura wata guda ya riga ya makara.

Wannan ba sabon abu ba ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana Edita, wata-wata ta fara fitowa. Aminiya kuwa, wadda aka fara a 2006 a nan Abuja, mako-mako. Kowace jarida ranarta ita ke juya ta.

Dā a bangon ofis nake manna takarda, in ja layuka da jan biro. Yanzu muna aiki da Google Calendar, watau kalandar da ke cikin waya. Kowane aiki da launinsa, kowane mai aiki da sunansa a jikin ranarsa, wayar kuma ta yi masa tuni saura kwana uku. In na ɗaga rana, nan take kowa ya gani. Amma fa ba ta san abin da ba a gaya mata ba, ni kuwa na ɗanɗana wannan.

A 2024 na yi ganda, na kwafe tsarin 2023 yadda yake, na sa ranar kai aiki maɗaba'a 9 ga Afrilu. Na manta shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Bature da wajen kwana goma sha ɗaya. Ƙaramar Salla da aka yi ran 21 ga Afrilu a 2023, sai ga ta ran 10 ga wata a 2024. Na isa Garki da aikina, na tarar masu injin sun tafi gida Salla. Kafin su komo su buga, jarrabawa ta ƙare, ɗalibai sun watse. Kuɗin jama'a muka kashe, kwafe kuwa suka yi ta shan ƙura a kabad. Har yau in na tuna wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ta tafi ba ta ga sunanta a shafi ba, sai kunya ta kama ni.

Tun daga ran nan, kafin in sa ranar kome, sai na fara cika kalanda da ranakun da ba a aiki. Masu zama wuri ɗaya ba wuya: 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da Kirsimeti. Azumi da Salloli da Ista su ne masu yawo. Salla ma sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, saboda haka nakan bar kwana biyu fanko gaba da baya. A 2025 ta faɗo ran 30 ga Maris, ta same mu mun riga mun ɗauko kayanmu.

Tsarin wannan zango yana manne a ƙofar ofishin Edita har yanzu, domin ba kowa ke da data kullum ba. Mai niyyar rubutu ya biyo ya duba ranarsa.