Ɗakin Karatu: Yadda Ake Shiga, Yadda Ake Aron Littafi

 

Yau zancenmu a kan ɗakin karatu ne, wato gidan da ake ajiye littattafai don kowa ya zo ya karanta ko ya ara. Ƴan lakkwal suna ce masa bibliyotek. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna ce masa laburare. Duk abu guda ne.

Ga abin da ya kawo zancen. In rani ya yi, muna zama wata huɗu ko biyar muna koyon baƙi da wasali. Mutum ya iya rubuta sunansa, ya iya karanta wasiƙa. Sai ruwa ya sauka, a rufe makaranta, kowa ya nufi gona. Kafin a gama girbi, a ɗaure dammuna, a kai rumbu, wata shida sun wuce bai buɗe takarda ba. In muka sake haɗuwa, sai ka ga mutumin da ya fi kowa ƙoƙari bara yana tsayawa gaban ɓ da ɗ kamar bai taɓa ganinsu ba. Ni malami ne, na ga haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba rashin kai ba ne. Karatu kamar hanyar gona yake, in an daina bin ta ciyawa na rufe ta. Wanda ya koyi karatu, to sai ya samu abin karantawa.

Ina ake samun ɗakin karatu? A manyan garuruwa kamar Maraɗi, Damagaram da Tawa, ku tambayi gidan samari da al'adu, ko ku tambaya a ma'aikatar magajin gari. A wasu garuruwan akwai ɗakunan da ake kira CLAC. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ce ta soma shirinsu a 1986, don littafi ya kai ƙananan garuruwa. A Yamai akwai gidan al'adu na Umaru Ganda. Akwai kuma tsohon gidan al'adun Faransa da Nijar, wanda a 2024 aka sake masa suna, aka sa masa sunan Mustafa Alhasan, mai shirya fim. A ƙauye kuwa, wani lokaci ɗakin karatun ba ɗaki ba ne, adaka ce ta ƙarfe cike da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci, tana hannun malami ko wani amintacce. Kada ku raina adakar nan. Aikinta ɗaya da na babban gini.

To, ka iso ƙofa. Nan ne mutane da yawa ke komawa. Wani dattijo cikin ɗalibaina, mai sayar da albasa, ya taɓa faɗa mini ya je har bakin ƙofa sau biyu. Ya leƙa, ya ga yara masu kayan lakkwal zaune shiru, sai ya ce a ransa nan ba wurinsa ba ne, ya juya. Na ce masa, "Baba, wa ya kore ka?" Ya ce ba kowa. Ranar kasuwa muka tafi tare. Mai ɗakin ya tashi ya ba shi kujera.

In ka shiga, ka yi sallama a hankali, ka nufi mai kula da ɗakin. Ka faɗa masa gaskiya: kai sabon mai karatu ne, Hausa ka iya. Ba abin kunya a ciki. In zama za ka yi ka karanta nan take, sai ka zaɓi littafi ka zauna. In kana so ka tafi da shi gida, sai an rubuta sunanka cikin babban kaye, an yi maka kati. Saboda haka ka riƙo katinka na ɗan ƙasa. Wasu wuraren suna karɓar ɗan kuɗi na shekara, kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. Ka tambayi nawa ne tun farko, in ka biya ka karɓi takardar shaida. Za a rubuta ranar da za ka maido littafin. Ka duba ranar nan da idonka, ka karanta ta da bakinka. Ga karatun kwanan wata da muka koya ya soma yi maka aiki.

Yanzu batun jeri. Za ka ga littattafai kan katakai, kowane da ƴar lamba manne a bayansa. Ba a banza aka sa ta ba. Yadda kasuwa take da rumfar ƴan hatsi daban, ta ƴan koli daban, haka ɗakin karatu. Ɗakuna da yawa suna bin tsarin wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey, wanda ya fito da shi a 1876. Ya raba ilimi gida goma. Lamba 200 ta addini ce. Lamba 400 ta harsuna ce, nan ƙamus yake zama. Lamba 800 ta labarai ce da waƙoƙi, 900 ta tarihi da labarin ƙasa. Wadda na fi so ku riƙe ita ce 600, don nan sana'o'i suke: 610 kiwon lafiya, 630 noma da kiwo. Mai neman yadda ake adana wake kada ƙwari su ci, ko mace mai neman bayanin rigakafin ƙyanda, nan za su duba. In ka ɗauko littafi ka fasa, kada ka cusa shi inda ka ga dama. Ka ajiye shi kan teburi. Littafin da aka sa ba gurbinsa ba, ya ɓata ke nan ko da yana cikin ɗakin.

Akwai gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye muku ba. Yawancin littattafan da za ku tarar na Faransanci ne. Wurin na Hausa ƙarami ne, wani wurin ma ƙura ta rufe shi. Wannan yana damuna. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ta ƙasarmu tana aiki tun 1963. A 2025 kuma babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Ai kuwa ya kamata a gan ta kan katakai. Amma mai ɗaki ba ya neman abin da ba a tambaye shi ba. In mutum goma suka zo suka ce Hausa suke so, zai rubuta, zai kai gaba. Ku tambaya, ku sake tambaya.

Mi za ku tambaya? Ga sabon mai karatu, ƙananan littattafai masu manyan baƙaƙe sun fi: na tatsuniya, na lissafin awo, na lafiyar uwa da jariri. In ƙafa ta yi ƙarfi, ku nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne, labaransa gajeru, ana iya gama ɗaya tsakanin magariba da lisha. Akwai Ruwan Bagaja, nasa ne shi ma. Akwai Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda yake son gane kalmomin takardun ofis, ya nemi Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijinguini, ɗan ƙasarmu.

Bari in gargaɗe ku kan wani abu, don kada ya rikita ku. Cikin tsofaffin takardu za ku ga an rubuta wasali biyu a jere, kamar sunan jaridar nan ta yaƙi da jahilci, Gangaa. Ba kuskure ba ne. Bayan taron Bamako na 1966 haka ake rubuta dogon wasali a nan Nijar. Farkon shekarun 1980 aka bar shi, rubutunmu ya zo kusa da na Najeriya. In kun ga wasali biyu, ku ja shi kawai. Haka kuma inda muke rubuta ƴ, kamar cikin ƴaƴa, littattafan Najeriya suna sa y da ɗan waƙafi a gabansa. Furucin ɗaya ne.

Masu karatun allo kuma, kada su ce ba ruwansu. A Yamai, cibiyar binciken IRSH tana riƙe da dubban tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da na ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya yi ƙoƙarin tarawa. Kakanninmu ma sun ajiye littafi.

Ɗakin karatu ba aro kaɗai ake yi cikinsa ba. A jikin bango ana manna sanarwa: ranar karatu tare, ranar tatsuniya ta yara, gasar rubutu, wasan kwaikwayo. Ku tsaya ku karanta ta da kanku kafin ku tambayi wani. Ku riƙe ranaku biyu: 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, da 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Kafin su zo, ku tambayi mai ɗakin abin da aka shirya. Mata, na san aikin gida ba ya ƙarewa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ta je ta aro, ku karanta tare da hantsi bayan daka.

Saura riƙon amana. Littafin aro na jama'a ne, bayanka wani yana jira. Abokan gabansa a gidajenmu sanannu ne: gara, ɓera, akuya, ruwan damina, da hannu mai maiƙo. Kada ka ajiye shi ƙasa ko jikin bangon laka, gara na iya cinye shi cikin kwana kaɗan. Ka sa shi cikin leda, ka rataya ko ka sa a adaka. Kada ka naɗe kusurwar shafi, ka sa tsinke ko ƴar takarda inda ka tsaya. In ya yage, kada ka liƙe shi da koko ko tuwo, ƙwari za su bi ƙamshin. Ka kai wa mai ɗakin yadda yake, ka faɗi abin da ya faru. In ranar maidowa ta zo ba ka gama ba, ka kai shi a ƙara maka kwana. Wasu saboda kunyar sun makara sai su ƙi komawa sam, a rasa littafi, a rasa mai karatu. Ka je ko ka makara.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya buɗe kayensa, ya rubuta sunan littafin da ya ara, da lambar da ke bayansa, da ranar maidowa. Ya kawo wa malaminsa ya duba. Wanda garinsu babu ɗakin karatu, babu adaka, ya rubuta wasiƙa da hannunsa, malami ya kai ta ofishin yaƙi da jahilci na yankinku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.