Gyaran haƙora da waya: abin da ke riƙe turamen sama kada su gusa

Iyalin da ya tashi daga Tasawa ko Mayahi ya kai yarinya Yamai ko Kano a saka mata wayar gyaran haƙora, idonsa a kan haƙoran gaba yake. Su ake gani idan ta yi dariya, dominsu aka biya kuɗi. Likita kuwa hankalinsa yana can ƙuryar baki, wurin turamen sama, domin su ne turken da ake ɗaure aikin duka. A takardar lissafin likita ana rubuta wannan da Faransanci «ancrage», kuma iyaye da yawa ba sa tambayar me ake nufi.

Ga yadda abin yake. Idan haƙoran gaba sun turo waje ko sun cunkushe, sau da yawa likita yakan cire ƙaramin haƙori guda a kowane gefe, wanda ke bayan fiƙa. Kowane gurbi yana ba da fili kamar milimita 7. Sai a ɗaura roba ko ƴar waya daga turmi zuwa haƙoran gaba, a riƙa jan su baya a hankali, kamar milimita 1 a wata. To amma igiya ba ta ja gefe guda: ƙarfin da ke jan na gaba zuwa baya, shi ne ke jan turmi zuwa gaba. Ƙashin muƙamuƙin sama kuma bai kai na ƙasa tauri ba, shi ya sa turamen sama suka fi saurin gusawa. In turmi ya cinye rabin gurbin, an yi hasarar lafiyayyun haƙora biyu, baki kuma bai koma yadda ake so ba.

Na'urar da aka fi sani waya ce mai kauri da ke ratsa ganɗa, wato rufin baki, daga turmin dama zuwa na hagu. Faransawa na kiran ta «arc transpalatin», kuma wani likitan Amurka, Robert Goshgarian, ya yaɗa ta a 1972. Tana hana turame juyawa, tana kiyaye faɗin da ke tsakaninsu. Sai dai bincike ya nuna ita kaɗai ba ta iya hana su tafiya gaba sosai, tun da turame biyu suna iya gusawa tare da wayar da ta haɗa su. Wanda aka ce masa ita kaɗai ta isa bayan an cire haƙora yana da damar ya nemi ƙarin bayani.

Ta biyu ita ce ta Nance, mai sunan Hays Nance da ya bayyana ta a 1947. Waya ce daga turamen biyu, a ƙarshenta da wani faifan roba mai tauri kamar maɓallin riga, wanda ke jingine da gangaren ganɗa bayan haƙoran gaba. Ta fi ta farko riƙo, amma tuwo da gayan fura suna maƙalewa ƙarƙashinta, kuma in ba a kurkure baki da kyau, naman wurin yakan kumbura har a cire ta.

Akwai kuma mai maɗauri ta waje, wadda ke zagaya wuya ko kai ta ja turame baya. Tana aiki, amma sai an sa ta awa 12 zuwa 14 kullum. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Tasawa, ya kuma san bakin ƴan makaranta, ya san yara nawa za su jure.

Hanyar da ta canza sana'ar ita ce ƴar ƙusa ta ƙarfen titaniyom, kauri bai wuce milimita 2 ba, wadda ake murɗawa cikin ƙashi bayan an kashe zafin wurin da allura. Likitan Japan Ryuzo Kanomi ya bayyana irinta a 1997. Daga jikinta ake ja, turmi ya huta gaba ɗaya. Tana ƙara tsada, kuma wata takan sassauta a sake dasa ta.

Ga mutumin Tasawa, nisa yana cikin lissafin. Maraɗi tana da kilomita kamar 120, Yamai kusan 800, Kano kuwa sai an ƙetare iyaka, iyakar da aka taɓa rufewa wata da watanni bayan Yulin 2023. Aikin yana ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa wurin likita duk mako 4 zuwa 8. Idan zoben da ke kan turmi ya kwance, robar ba ta daina ja don an rasa kuɗin mota. Ga abinci: goribar Gulbin Kaba, aya, rake da busasshen dabino duk suna ɓalle zobe. Saboda haka ya kamata likita ya san daga farko inda mai jinya yake zaune, kafin ya zaɓi na'ura, iyaye kuma su tambayi abin da za a yi in wani abu ya kwance kafin ranar komawa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne kiyaye turmin kansa. Turmi na farko yana fitowa da shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, don haka iyaye kan ɗauka shi ma zai fita a sami sabo. Ba a samun wani. In ya ruɓe aka cire, na bayansa yakan karkato cikin gurbin, kuma yaron da zai bukaci waya da shekara 12 ko 13 zai isa wurin likita babu babban turkensa.