Wankin Babbar Mota a Gida a Ƙasar Kwaya

Wanda ya tsaya bakin hanya a Kwaya cikin watan Janairu zai ga motoci suna shigowa gari da launi ɗaya, alhali kuwa masu su sun saye su da launi dabam-dabam. Fara da baƙa da shuɗiya, duk ƙura ta mai da su ƴan uwan juna. Cikinsu akwai manyan nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda jama'a ke kira kat-kat, su ne motocin hukuma da na asibiti, da na ƙungiyoyin raya karkara, da na sarakuna da alhazai. Irin wannan mota tana kai tsawon mita 5, tsayinta ya kusa mita 2, nauyinta kuwa ya haura tan 2. Dukiya ce babba, ko ta mutum ɗaya ce ko ta ƙasa.

Kwaya ƙaramar hukuma ce a gundumar Magarya, jihar Damagaram. Hanyar ƙasa mai lamba 11 ita ce ta taso daga Damagaram ta ratsa Magarya ta nufi iyakar Nijeriya. Da an sauka daga kwalta za a shiga ƙauyukan Magarya da na Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, sai burji da rairayi da turbar amalanke. Shi ya sa babbar mota ta samu gindin zama a wannan yanki tun zamanin da gyaɗa ke da kasuwa. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce ta fara sabawa da waɗannan turbobi. Daga baya Land Cruiser ta kamfanin Toyota na Japan, wadda ta samu wannan suna a 1954, ta karɓe fagen, musamman samfurin 70 da ya fito a 1984 wanda har yanzu ake ƙerawa.

Masu wankin mota da injin fesa ruwa a manyan garuruwa suke. A ƙauye aikin yana hannun direba, ko karen mota, ko samarin gida. To, a nan ne ake yawan yi wa mota ɓarna da kyakkyawar niyya.

Kafin a ɗauki guga, ya kamata a san abin da za a wanke. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗa ta farko da ke manne da ƙarfe tana hana tsatsa, sai launi a kanta, sai wani rufi garai-garai mai kama da gilashi wanda ke ba da ƙyalli. Kaurin wannan rufi bai wuce kashi 1 cikin 20 na milimita ba, watau takardar littafi ma ta fi shi kauri. Shi ne ke tare rana da ruwa, idan kuwa ya cinye ba ya tsirowa. Tsofaffin motoci da wasu fararen motocin aiki ba su da shi, launin ne kawai a waje; su ne fentinsu ke dusashewa ya koma gari kamar alli, har ya bi tafin hannun wanda ya shafa.

Babban abokin gaban wannan rufi ita ce ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo, mafi yawansa daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, busasshen gindin wani tafki na zamanin da. Ga kuma rairayin gida da tayoyi ke tayarwa. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, balle fenti. Amma kowace safiya sai a ga yaro ya fito da busasshen tsumma yana kaɗe jikin mota yana murzawa, don kada maigida ya fito ya tarar da ita da ƙura. Wannan ba shi da bambanci da goga samfefa. Ranar farko ba a ganin kome. Bayan shekara ɗaya, idan rana ta haska jikin motar, sai a ga zane-zane sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo, launi ya yi dishi-dishi. Baƙar mota da mai duhun shuɗi su suka fi tona wannan asiri. Idan babu ruwan wanki ranar nan, gara a bar ƙurar inda take, a wanke gilasai da fitilu kaɗai don tsaron lafiya. Ƙurar da ke kwance ba ta karce. Hannun da ya motsa ta shi ke karcewa.

Sai maganar ruwa, wadda a karkara ba a yi mata wasa. Ƙasar Magarya da Dungas tana cikin yankin koramu, inda a fadamu ruwa ke kusa ƙwarai, wani wuri mita kaɗan ake haƙawa a cim masa. Albarkacin haka ake noman rake da rogo da kayan lambu da rani. Wannan kusanci na ruwa shi ne kuma dalilin da ya sa bai dace a ja mota bakin rijiya ko bakin tafki a wanke ta ba. Baƙin mai da giris da kumfar sabulu suna nutsewa cikin rairayi da sauri, su iske ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Wurin wanki ya zama nesa da rijiya, a ƙasa mai tauri. Ruwan da za a ɗebo kuwa, jarka biyu ko uku masu lita 25 sun ishi babbar mota idan an san yadda ake yi, ba sai an hana mata ruwan girki ba.

Lokacin aikin shi ne da sassafe, ko bayan la'asar sakaliya. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen mota mai duhun launi kuwa yakan yi zafin da hannu ba ya iya jurewa. Ruwan da aka zuba a kan irin wannan ƙarfe yana ƙafewa nan take, ya bar gishirin da ke cikinsa a matsayin fararen ɗigo-ɗigo. Ruwan rijiya ya fi na sama barin wannan tabo, idan kuma rana ta gasa shi yakan ci cikin rufin fenti. Saboda haka a nemi inuwa, a bari inji da tayoyi su huce.

Da tayoyi ake farawa, domin su suka fi datti, kuma wanda ya bar su ƙarshe zai fantsama wa jikin da ya riga ya wanke laka. Suna da nasu guga da nasu buroshi, waɗanda ba za su taɓa fenti ba har abada. A leƙa cikin kwarmin da ke saman kowace taya, a kankaro lakar da ta maƙale da ɗan itace marar kaifi. Da damina, tsakanin Yuni da Satumba, wannan shi ne rabin aikin. Laka tana riƙe danshi a jikin ƙarfe kwana da kwanaki, tsatsa kuma daga ƙasa take farawa inda ido ba ya kai. Abin ya fi tsanani ga motocin da aka sayo na hannu daga Turai, domin a can ana zuba gishiri a kan hanyoyi lokacin ƙanƙara, da yawansu da ciwon suke zuwa. A ƙarƙashin kowace ƙofa akwai ƴan ramuka da ruwa ke fita ta cikinsu. Rairayi yana toshe su, ruwan sama ya kwanta cikin ƙofa, a wayi gari gindinta ya ruɓe. Ɗan tsinke ya isa ya buɗe su.

Bayan haka a watsa ruwa zalla a jikin motar tun daga rufi, da moɗa ko da buta, ba tare da an sa hannu ba, har mafi yawan ƙura ta gangara da kanta. Sannan a ajiye guga biyu, ɗaya da ruwan sabulu, ɗaya da ruwan ɗauraya. A tsoma soso mai laushi cikin na sabulu, a wanke yanki ɗaya, a ɗauraye soson cikin guga na biyu, kana a mai da shi cikin sabulu. Hikimar ita ce rairayin da soso ya kwaso ya zauna a gindin guga na biyu, kada ya koma jikin mota. Wanda ya gama ya dubi gindin wannan guga zai ga abin da ya kusa gogawa a kan dukiyarsa. Daga sama ake gangarowa, rufi, gilasai, bonet, ƙofofi, sai ƙasan jiki a ƙarshe. Rufin kat-kat ya fi ƙarfin hannun mai tsaye, sai a taka benci ko turmi da aka kifar. Hawa kan bonet ko tsayawa kan rufi yana lotsa ƙarfe. Ba a danna soso, kuma a miƙe ake ja, ba a kewaye ba. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi sarai.

Sabulun ma abin dubawa ne. Garin Omo da ire-irensa an yi su ne don su cire maiƙo daga tufafi, saboda haka suna cire kakin da ke kare fenti, suna busar da robar bakin gilasai, garin da bai narke ba kuma yana karce. Akwai sabulun ruwa na mota a shagunan kayan gyara na Damagaram da Kano, murfi ɗaya ko biyu ya ishi guga. Da an ɗauraye, a tsane ruwan da tsumma mai laushi mai tsabta tun bai bushe da kansa ba. Tsohuwar riga mai maɓalli ko zik ba tsumman mota ba ce.

Akwai dattin da sabulu ba ya fitarwa. Kwaltar da ta fantsamu a gefen ƙofofi tana narkewa da ɗan kananzir a tsumma, sai a bi wurin da sabulu nan da nan. Kashin tsuntsu yana cin fenti cikin ƴan kwanaki idan rana ta dafa shi. A ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi, a ɗauke, kada a kankare. Wannan ya sa inuwar bedi, duk da sanyinta, ba kullum take alheri ga mota ba. Ita kuwa ƙasar nan ƙasar gawo ce. Tun daga shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka riƙa barin ƴaƴan gawo suna girma cikin gonaki, har masana daga ƙasashen waje suka zo ganin yadda yankin ya sake yin itatuwa. Abin alfahari ne, sai dai gawo yana da ƙaya, kuma direban da ya kutsa ƙunƙuntar turba zai fito da dogayen zane a gefen motarsa. Haka nan inda gawo ke zubar da ƴaƴa akwai awaki, akuya kuwa ba ta ganin bonet sai ta ɗauka dutse ne aka ajiye mata.

Don a san zurfin zane, a ja farce a kansa a hankali. Idan farce bai maƙale ba, zanen yana cikin rufin sama, man gogewa zai iya shafe shi. Sai dai a sani, shi wannan mai yana aiki ne ta hanyar cin rufin kaɗan-kaɗan har ya daidaita, saboda haka ba abin yi ba ne kowane wata. Idan farce ya maƙale, ko ƙarfe ya bayyana inda tsakuwar burji ta buga, to sai a ɗiga fenti da ɗan tsinke kafin damina. Lambar launin kowace mota tana rubuce a wani ɗan allo, galibi a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji. Kakin mota kuma dabam yake da man gogewa: shi ba ya cin kome, rufi yake ƙarawa. Mafi shahara ana samo shi daga ganyen wani itace dangin giginya da ake kira karnuba, a arewa maso gabashin Brazil. A shafa shi siriri a inuwa, a bari ya yi fari-fari, a goge. A zafin Damagaram ba ya daɗewa, sai a sabunta shi wajen sau uku ko huɗu a shekara. Alamar ƙarewarsa ita ce ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet, ya riƙa shimfiɗewa.

Wata al'ada da ta yaɗu a tashoshi ita ce shafa gazuwal ko baƙin mai a jikin mota da tayoyi don su yi ƙyalli. Ƙyallin na yini ɗaya ne. Mai yana kama ƙura, yana kuma lalata roba, har gefen taya ya soma tsattsagewa. Man birki ya fi su duka sharri, don yana ɗaye fenti; inda ya ɗiga a bi shi da ruwa take. Fitilun motocin yanzu na roba ne, rana tana mai da su rawaya, haske ya ragu, a hanyar da amalanke da shanu ke tafiya da dare ba fitila. Man gogewa yana washe su, ko man goge haƙori idan abin bai yi nisa ba. A duba ragar gaba ma, inda ƙwari da ƴaƴan ciyawa ke toshe lagireto har inji ya riƙa zafi cikin rairayi. Da ruwa mai sauƙi ake wanke ta. Ɗakin inji kuwa ba a kwarara masa guga, domin motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori.

Duk kayan gyaran waɗannan motoci daga waje ake shigo da su. Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashinsu ya yi tsalle. A 2023 kuma aka rufe iyaka da Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru. Sake fentin kat-kat sai an kai ta birni ta yi kwanaki a garaji, idan kuwa motar asibiti ce, kwanakin nan ƙauyuka ba su da abin ɗaukar mai naƙuda.

Inda mota ke kwana shi ma yana cikin lissafi. Masu rufe ta da tamfol a fili suna ganin sun kyauta, amma idan akwai ƙura a ƙarƙashinsa, iskar hunturu tana kaɗa shi dare da rana yana goge fenti a kusurwoyi. Rumfar zana ko ta kara mai ginshiƙai shida, wadda kowane gida a Kwaya ya iya kafawa bayan girbi, tana tare rana da raɓa da kashin tsuntsu. A dai ɗaga ta sama da mita 2 da rabi saboda abin ɗaukar kaya na kan rufi, a kuma kewaye ta da shinge saboda awaki.