SHIDA GA MARIS: RANAR MACI, RANAR TUNA TAKARDA

Jama'a, duk wanda ya tashi a zangon Salaga, Yendi ko Bawku ya san "Sikis Mach". Tun da asuba ake goge yunifom, yara su yi layi a fili, ganga na tashi, tuta ja da ruwan ɗorawa da kore mai baƙin tauraro tana kaɗawa. Mu ma mun yi macin nan, iyayenmu na barin kara su zo kallo.

Ran 6 ga Maris 1957 Ghana ta samu 'yancin kai ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Amma fa ko kafin nan kakanninmu sun daɗe a ƙasar. Fatake daga Kano da Katsina ne suka riƙa kawo kanwa, tufafi da dabbobi Salaga, su koma da goron Gwanja. Yendi kuwa ta zauna hannun Jamus, sannan Ingila, sai ƙuri'ar 1956 ta haɗa ta da Ghana. Wato iyaka ce ta zo ta iske mutane.

To, sai ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasar. Dattawanmu ba su manta ba. An karyar da shanu, an bar gidaje, wasu da aka haifa a zango suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Yaron da ya yi maci a Maris, a Disamba ya zama baƙo. A 1983 Najeriya ma ta kori mutanen Ghana. Kowa ya ɗanɗana.

Yau doka ta fi sauƙi. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Dokar shekarar 2000 kuma ta buɗe ƙofa ga baƙon da ya daɗe, mai halin kirki, mai jin ɗaya daga harsunan ƙasar, ya nema a ba shi. An kuma yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Amma kada a rikita: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kawai ta ba mu ba biza. Izinin baƙunta ne, ba zama ɗan ƙasa ba.

A 2019 aka yi babban bikin a Tamale, karo na farko a wajen Ankara, mu 'yan arewa muka ji daɗi. Sai dai a boda, ko Kulungugu ko Pulimakom, ba a tambayar wa ya yi maci, kati ake tambaya. Ba ma sayen sa sai da shaida, to mu ma mu tanadi tamu: a yi wa yara takardar haihuwa, a adana na iyaye, mai haƙƙi ya karɓi Ghana Card.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a kara. Amin.